Rabonka da Babur Shekara 15, Kuma R1 Kake So?

Filin tambayoyin masu karatu kan babura. Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar yawancinsu kan magana ɗaya suke: mutum ya ajiye babur shekara da shekaru, yanzu sha'awa ta motsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 47. Da CG125 na fara tun ina makaranta, daga baya na riƙe CBR600 har shekara uku, na sayar da shi a 2010 da hidimar iyali ta yi yawa. Tun daga nan mota nake tuƙawa. Yanzu yara sun tasa, Allah ya hore, ina so in koma. Raina na kan Yamaha R1, in bai samu ba R6. Wani abokina ya ce duk abin da bai kai 600 ba na yara ne. Me za ku ce?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji, barka da dawowa. Abokin naka da lambar cc yake auna babur, ita kuwa girman cikin inji kawai take faɗa, ba ta faɗin hali. Ninja 650 na Kawasaki 649cc ne, R6 kuma 599cc. A takarda Ninja ne babba. Amma shi silinda biyu gare shi, ƙarfin doki 68, R6 kuwa silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 118, kuma ba ya cika wannan ƙarfin sai inji ya kai juyi 14,500 a minti. Ƙasa da juyi 8,000 lumbu-lumbu yake tafiya har ka raina shi, yana haura 10,000 sai ya zabura. Wannan zaburar ce ke kayar da mai dawowa: kana cikin kwana, tayar gaba ta faɗa ɗan rami, hannu ya girgiza, totur ya buɗe ba da nufinka ba. A kan babur mai doki 45 ɗan tsorata za ka yi. A kan R1, wanda tun samfurin 2015 yake da doki 200 a kan nauyin kilo 200 ko sama kaɗan, kuma giyarsa ta farko kaɗai ta wuce kilomita 130 a awa, kafin ka gane me ya faru ka bar hanya.

Daidaita babur ba ya ɓacewa mutum, kamar iyo ne. Shi ya sa ranar farko za ka hau ka ji kamar jiya ka sauka, kuma a nan haɗarin yake. Abin da ya tafi shi ne hannun birki, da ido. Wani abu kuma ya shigo gurbinsu: shekara 15 kana koya wa ƙafarka ta dama cewa in an tsorata a taka da ƙarfi. A mota daidai ne. A babur ƙafar dama birkin baya ne, tayar baya kuma ba ta da nauyi a kanta lokacin tsayawa, tana kullewa sai ta fara zamewa gefe. Birkin gaba shi ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari na tsayawa, a baburan tsere ma ya fi haka. A gudun kilomita 100 a awa kana cin mita 28 kowace daƙiƙa. Jinkirin daƙiƙa guda kana laluben wane birki za ka kama, ka wuce tsawon motoci shida a jere ba ka fara tsayawa ba.

A Turai, tun 2013 akwai lasin da ake kira A2, wanda ke tsare matashin mahayi a doki 47 na shekara biyu kafin ya hau abin da ya fi haka. Dokar ba ta hau kanka ba, amma ma'auni ne mai kyau, kuma saboda ita kamfanoni suka ƙera babura masu kamannin tsere a daidai wannan ƙarfin. Yamaha R3 321cc ne, doki 42, nauyi wajen kilo 169, tsayin sirdi milimita 780. Ninja 400, wanda ya fito a 2018, doki 45 ne a kan kilo 168, sirdi 785. Honda CBR500R 471cc ne, doki 47, ya fi su nauyi da kilo ashirin da wani abu, amma injinsa ba ya neman a yi ta murza shi kafin ya ja, kuma tankinsa lita 17 ne, nasu 14. Duk ukun sun wuce kilomita 160 a awa. Wace hanya ce tsakanin Kaduna da Zariya za ta ba ka damar fin haka cikin hankali?

Tun da ka taɓa riƙe 600, kuma in jikinka mai kauri ne, CBR500R ko Ninja 650 muke ba ka shawara. In zirga-zirgar cikin gari ta fi yawa, Ninja 400. Ninja 650 shi ne iyaka, kada ka haura.

Sai zama, wanda mutane ba sa tambaya sai sun biya kuɗi. Sirdin R6 milimita 850 ne, kansa kuma yana can ƙasa, nauyinka duk ya tattaru a wuyan hannu, wuyanka a lanƙwashe kana leƙen hanya. Ɗan shekara 25 zai jure. Kai kuwa minti 40 cikin cunkoson Kawo ya isa bayanka ya ba ka labari. Ka zauna a kan babur minti 10 cur kafin ciniki, hannu riƙe da kan babur, ƙafa ɗaya a kan mataki. In ba ka iya dasa tafin ƙafa ɗaya sosai a ƙasa ba, ko ka ji wuyan hannu ya fara tsami, bar shi.

Akwai maganar mai. Matsin injin R6, wato yadda yake matse mai da iska a cikin silinda, 13.1 ne, an ƙera shi don fetur mai lamba 95 zuwa sama, gidajen manmu kuwa fetur iri ɗaya suke sayarwa. CBR500R matsinsa 10.7, R3 kuma 11.2, ba su da tsirfa. Kuma in hanyar garinku ba ta da kyau, ka sani tsakanin cikin CBR500R da ƙasa milimita 130 ne kacal, tudun rage gudu mai tsayi zai riƙa gogar salansa. CB500X inji ɗaya suke da shi, ya fi shi tashi daga ƙasa da kusan milimita 50, kuma daga 2019 tayar gabansa inci 19 ce, ta fi haɗiye rami. Ba shi da kwalliyar tsere, wannan gaskiya ne.

Ka yi shekara guda, ko kilomita 8,000, sannan ka sake duba maganar R6. Ƙananan nan ba sa wuyar sayarwa.

Tambaya: Na riga na sayi Ninja 300. Shekara tara rabona da babur. Ta ina zan fara, don ba na son in fita titi in ji kunya?
Mai karatu daga Gwambe

Amsa: Malam, kunya mai sauƙi ce, ƙashi muke ji. Fara da gwajin ido, musamman in ka haura 40, don ganin dare da jure hasken fitilar mota suna raguwa ba ka sani ba. Ka duba lasinka kuma: na babur aji A ne, na mota bai wadatar ba.

Nemi fili mai kwalta wanda ba kowa, ka je da robobin ruwa guda shida. Kwana biyun farko a giya ɗaya za ka ƙare. Ka nemo daidai inda kuloci yake fara kamawa, ka yi tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa ba, ƙafarka na ɗan taɓa birkin baya, totur a tsaye wuri ɗaya. Ajiye robobi biyu, tazarar mita 10, ka yi ta zagaya su kamar kana rubuta lamba 8, kana matso da su kaɗan-kaɗan. A wannan tafiyar ta sannu kada ka taɓa birkin gaba kan babur yana karkace. Nan take zai kwanta da kai, kuma yawancin robobin jikin da ake fasawa a makon farko haka ake fasa su.

Sai birki, shi ne babban aikin. Daga kilomita 20 a awa, sau goma. Daga 30, sau goma. Haka har 60. Ba fizga ake yi ba. Ka fara taɓawa kaɗan har ka ji gaban babur ya duƙa, nauyi ya sauka a kan tayar gaba ta baje a kwalta, sannan ka matse da ƙarfi yana ƙaruwa, kamar mai matse lemun tsami. Wanda ya fizga tun nauyi bai sauka ba, tayar za ta zame ko da kwaltar a bushe take. Sa roba a inda ka fara da inda ka tsaya, ka auna da taku. Za ka gani da idonka cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa sau huɗu take ninkawa: abin da ya ci mita 12 ko 13 a gudun 50, kusan mita 50 zai ci a gudun 100.

A gudun 40, tura hannun dama gaba kaɗan, za ka ga babur ya kwanta dama. Haka babur yake juyawa in yana gudu, da ma jikinka ya san haka, amma sitiyarin mota ya koya maka akasinsa. Yi ta yi da gangan har ya dawo. Ido kuma ya tsaya inda kake son zuwa. Wanda ya ƙura wa rami ido, ramin zai shiga.

Titi sai bayan mako guda, da sassafe ranar da ba aiki. Kilomita 1,000 na farko ban da dare, ban da goyo, ban da bin ayarin masu manyan babura, don a ayari mutum yake gudun da ba nasa ba. Kula da yashin da ruwan sama ke tarawa a bakin shataletale, da gas ɗin da manyan motoci ke zubarwa a ƙofar gidan mai, da ɗan adaidaita sahu da zai karya kwana saboda fasinja ya ɗaga hannu.

Tambaya: Wani dillali ya turo min hotunan CBR600RR ɗan Kwatano ta WhatsApp, fes da shi, ya ce kilomita 9,000 kawai ya yi. In tura kafin alƙalami?
Mai karatu daga Kano

Amsa: A'a, ɗan'uwa, wannan cinikin biri a sama ne. Robar jiki ta kasuwa arha ce, da ita ake rufe babur ɗin da ya sha ƙasa, da yawa kuma daga gwanjon baburan haɗari na Amurka suke fitowa. In na Amurka ne, duba ko agogon mil yake ƙirgawa, don mil 9,000 ya haura kilomita 14,000. Abin da muka faɗa wa mai tambayar farko kan 600 mai silinda huɗu ya hau kanka in kai ma dawowa kake yi. Ko wanne za ka saya dai, je da bakanike wanda ya saba da manyan babura, ka ce kada a tayar da shi kafin ku iso. Sa hannu a jikin inji. In da ɗumi, wataƙila akwai abin da ake ɓoyewa, ko wuyar tashi ko ƙarar da ke lafawa in ya yi zafi.

Kuna murɗa makulli, fitilar inji da ta ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an matse birki, dole su kama. Ta inji ta mutu bayan ya tashi, ta ABS sai an ɗan yi tafiya. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ta ne ko an liƙe ta daga ciki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, inji na cin baƙin mai. Farin hayaƙin da bai daina ba bayan ya yi zafi, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, ruwa na shiga inji.

Alamar faɗuwa a wuyan babur ake nemanta. Akwai 'yan ƙarafa biyu da ke tare kai kada ya bugi tanki. In ɗaya ya lotsa ko an yi masa walda, ya sha mummunan kaye. A ɗaga tayar gaba, a juya kai dama da hagu a hankali. In yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya tafi. Danna gaban da ƙarfi sau biyar ka shafa sandunan shokozoba. Zoben mai a jiki yana nufin sil ya mutu, man kuma in ya gangara kan faifan birki, birkin ya zama ado. Ja sarƙa baya daga bayan babban haƙorin. In ka hango rabin haƙori, sarƙa da haƙora biyun duk sai canji, tare ake canza su. Noti mai ɗan huji da waya a ciki alama ce an yi tsere da shi.

Kan taya akwai rubutun DOT, lambobi huɗun ƙarshe mako ne da shekara: 2318 na nufin mako na 23 a 2018. Tayar da ta haura shekara biyar ko shida ta bushe ko da zanenta bai ci ba, sa kuɗin sabuwa cikin lissafi. Da inji a kashe batir ya nuna bolt 12.6 ko sama kaɗan, in an murza zuwa juyi 5,000 ya nuna tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa ko sama da haka, abin cajin ya kusa mutuwa, zafinmu kuma ba ya raga masa. A gwajin tafiya buɗe totur sosai a giya biyu. In giyar ta fice da kanta, aikin buɗe inji ne, juya ka tafi.

Makulli: Honda masu HISS, da Yamaha na Turai masu jan makulli, akwai ƙwaƙwalwa a cikin makullin. In guda ɗaya aka ba ka ya ɓata, ƙila sai an canza kwamfutar babur ɗin. Lambar cesis mai harafi da lamba 17 tana jikin wuya, ta zo daidai da ta takardar kwastan, harafi da harafi. Babu takarda, babu ciniki.

Tambaya: Suzuki SV650 ɗina yana gareji tun 2017. In na sa sabon batir zan iya hawa?
Mai karatu daga Jos

Amsa: Kada ma ka danna sitata tukuna, Malam. Fetur ɗin da ke ciki ya daɗe da lalacewa, ya bar danƙo mai toshe kafireto ko injekta, ya riƙe famfon mai. Juye shi duka, haska cikin tanki da tocila. In da tsatsa, a wanke kafin a zuba sabo, in ba haka ba ita za ta bi ta toshe abin da ka gyara. Buɗe akwatin matatar iska. Ɓera na son yin sheƙa a nan, yana kuma cin wayoyi, zanzaro kuma kan gina ɗakinsa a bakin salansa da ƙananan bututai.

Cire fulogai, zuba ƙaramin cokali na baƙin mai a kowace silinda, bar shi ya kwana. Washegari sa giya ta shida, ka juya tayar baya da hannu ka ji ko inji yana juyawa ba tare da cijewa ba. Sannan canza baƙin mai da matatarsa, da ruwan lagireto. Na gwangwani za ka sa, ruwan rijiyar burtsatse yana barin ƙasa-ƙasa a ciki.

Man birki DOT 4 yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu. Naka ya ninka wannan sau da yawa. In ya yi zafi ruwan cikinsa zai tafasa, ka matsa hannun birki ya tafi har jikin kai ba abin da ya kama. A canza shi, a kwance inda fad ɗin birki yake a wanke, don fistin ɗin birki na cijewa in ya daɗe a zaune. Tayoyi biyun duk a zubar, ba sai an duba ba. Sabbin kuma suna da santsi, bi su a hankali kilomita 150 na farko. In za ka tayar da shi da batir ɗin mota, motar ta kasance a kashe.

Tambaya: Maigidana ya dage sai ya koma hawan babban babur. Na kasa hana shi. Me zan matsa masa ya saya don kariya, ga shi garinmu zafi?
Mai karatu daga Sakkwato

Amsa: Hajiya, kin yi dabara. Ki sa a ware kuɗin kayan nan kafin na babur, don in an fara sayen babur ba abin da ke saura. Hular kwano mai rufe har haɓa, don haɓa da fuska suna yawan fara isa ƙasa. A duba igiyar wuyanta, akwai ɗan ƙyalle mai harafin E cikin da'ira, da lambar da ta fara da 05 ko 06, alamar ta ci gwajin Turai ke nan. Ta kama kumatu sosai, in ya girgiza kai kada ta yi lilo, kuma ba a sa ta a kan hular zanna. Tsohuwar da ya ajiye tun da can ta gama aiki, soson cikinta ya mutu. Ta gwanjo ma a bar ta, ba a san ƙasar da ta sha ba. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa ta, amma kwanon leburan gini da wasu suka riƙa kifawa don a bar su su wuce ba hula ba ce.

Don zafi akwai jaket mai raga, iska na ratsa ta, tana da kariya a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Sai safar hannu ta fata, don duk wanda ya faɗi tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, da takalmi mai rufe idon sawu, da wando mai kariyar gwiwa. Babbar riga da jallabiya a naɗe su a jaka. In wata rana ya ce zai goya ki, ki ce sai ya yi wata shida, kuma ki tattare gyale ko hijabi ki zauna a kai, don sarƙa da tayar baya na kama ƙyalle su fizge mutum ta wuya.

Tambaya: Bakanikena ya ce a cire ABS, wai yana hana birki ci.
Mai karatu daga Zariya

Amsa: Canza bakanike, ka bar ABS. Kakkarwar da kake ji a hannu ita ce aikinsa: yana saki yana kamawa don kada taya ta kulle. A kan yashi mai zurfi yakan ƙara tazarar tsayawa, wannan gaskiya ne, amma a kwalta shi ke gyara kuskuren wanda ya fizgi birki don tsoro, kuskuren mai dawowa ke nan. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan duk sabon babur da ya haura 125cc daga 2017. Na Amurka kuwa wani yana da shi wani babu, a duba zoben ƙarfe mai ƙananan huji a tsakiyar faifan birkin gaba.

Tambaya: R3 ɗina yana zafi sosai cikin gari, kuma kuloci ya fara sulɓi tun da na yi juye.
Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Muna zaton man mota aka zuba maka. Kulocin babur a cikin baƙin mai yake iyo, man mota kuma yana da sinadarin ƙara santsi. Juye shi, sa 10W-40 mai rubutun JASO MA ko MA2 a jikin galan, da sabuwar matata. In sulɓin bai daina ba bayan kilomita ɗari biyu ko uku, faifan kuloci sun riga sun sha, sai canji. Zafi kuwa, tsaya da shi a kunne ka saurara ko fanka tana tashi. In ba ta tashi, fara da fis. In tana tashi, duba haƙarƙarin lagireto, ƙurar hunturu da laka na toshe shi. Wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, injin wankin mota yana lanƙwasa shi. Matatar iska ma a lokacin hazo duba ta duk kilomita 2,000, kada ka jira abin da littafi ya ce. Kuma sayi ma'aunin iska naka, don mai faci da ido yake bugawa: R3 psi 29 yake so a gaba, 36 a baya, a auna da safe tun taya ba ta yi zafi ba.